Ikistenda a gidan haya: yaushe take magani, yaushe take asarar kuɗi?

Bayan tambayar sakamakon jarrabawa, babu tambayar da iyayen yara suka fi yi mini a 'yan shekarun nan kamar ta intanet. "Ticha, mun haɗa kuɗi mun sayi rawuta, amma ɗakunan baya ba sa samu. An ce akwai wani ɗan abu da ake sokawa a soket ya ƙara ƙarfi. Mu saya?" Ni dai ba injiniya ba ne. Malamin makaranta ne, ina koyar da lissafi da kimiyya a ƙaramar sakandare a nan Kumasi. Amma kun san halin zango, duk wanda aka gani da kwamfuta a jaka ya zama mai gyara. Ta haka na shiga gidaje da dama a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, na ga inda wannan na'ura da ake kira ikistenda ta share wa mutane hawaye, na kuma ga inda aka zubar da kuɗi a banza. Amsata kullum ita ce: tana aiki, amma ba a kowane gida ba, kuma kada a saya sai an yi wasu gwaje-gwaje uku da ba sa cin ko pesewa ɗaya.

Yadda intanet ta zama kamar ruwa da wuta

Tun da aka rufe makarantun Ghana a watan Maris na 2020 saboda korona, yawancin yara ba su koma aji ba sai Janairun 2021, iyaye suka gane cewa karatu ya fara ƙaura zuwa cikin waya. Yau yaron da ya gama BECE, ta intanet zai duba sakamakonsa, ta nan kuma zai ga babbar sakandaren da aka tura shi. Mai neman jami'a ko kwalejin koyon jinya ta nan zai cike fom. Mu malamai ta nan muke ganin takardar albashi, ta nan muke shiga wasu tarukan ƙara wa juna sani da ake tara makin sabunta lasisin koyarwa da su. An raba mana kwamfutoci a ƙarƙashin shirin da gwamnati ta ƙaddamar a 2021, amma kwamfuta ba intanet kamar mota ce ba mai. Ga mata masu sayar da atamfa da turare a WhatsApp, ga tsofaffi masu jiran kiran bidiyo daga 'ya'yansu a Jamus ko Italiya ko Amurka.

Sayen data ɗai-ɗai a kowace waya yana da tsada. Shi ya sa gidaje da yawa suka koma karo-karo: a sayi rawuta ɗaya mai cin sim, ko a jawo layin faiba inda ya iso, kowane ɗaki ya kawo nasa kason a ƙarshen wata. Dabara ce mai kyau. Matsalar tana farawa ne ranar da mai ɗakin ƙarshe ya lura cewa kuɗinsu ɗaya da mai ɗakin da rawutar take, amma wancan yana kallon ƙwallo a kwance, shi kuwa sai ya fito tsakar gida ya jingina da bango kafin saƙo ya tafi. Na san gidan da wannan magana ta sa mata biyu suka daina gaisawa har tsawon wata guda. Ke nan abin ya wuce maganar na'ura, ya taɓa zaman tare.

Ginin gidan ne ke cinye siginar

Wi-Fi rediyo ce, irin wadda muka sani, sai dai mai gajeren hannu. Yawancin rawutocin da ke kasuwarmu suna watsawa a kan zango biyu: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi nisa, ya fi iya ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai kuma cunkoso ya yi masa yawa. Na 5 yana da gudu, amma bango biyu sun isa su karya shi.

To dubi yadda gidajenmu suke. Ɗakuna a jere sun zagaye tsakar gida, kowane bango bulon siminti ne, wani wurin ma an zuba kankare da rodi. Ƙofofi na ƙarfe, tagogi da ƙarafunan tsaro, rufi na kwano. Ƙarfe yana mayar da sigina baya kamar yadda madubi yake mayar da haske. Ruwa kuma yana shanye ta, don haka babban tankin roba da ke tsakiyar gida, idan ya cika, shi ma bango ne. Sigina da za ta tashi daga ɗaki na farko ta bi ta cikin ɗakuna biyar a jere, sai ta ratsa bango biyar ko shida, kowanne yana yankar rabonsa. Hoton da ke jikin kwalin na'ura, mai nuna gida duka ya cika da sigina, an zana shi ne da gidajen Turai da Amurka a zuciya, inda bangon ciki sau da yawa katako ne da allo mara kauri.

Amma fasalin gidan namu yana da wata kyauta da mutane ba sa lura da ita: tsakar gida. Fili ne buɗe, ba abin da ke tare sigina. Duk dabarar ita ce a sa siginar ta bi ta tsakar gida ta shiga kowane ɗaki ta taga ko ƙofa, maimakon ta yi ta kokawa da bango bayan bango.

Abin da ikistenda take yi, da abin da ba ta yi

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina. A ce ina shifta a aji mai tsawo, na baya ba sa jin muryata. Sai na tsayar da yaro ɗaya a tsakiya, ya saurare ni, ya juya ya maimaita wa na baya. Wannan yaron shi ne ikistenda. Daga wannan misali abubuwa uku suke fitowa.

Na farko, yaron ba zai faɗi abin da bai ji ba. Idan na kai shi can ƙarshen aji inda shi ma ba ya jina, zai ɗaga murya sosai, na baya su ji shi tar, amma abin da yake faɗa guntu-guntu ne. Haka wayarka za ta nuna sanduna cike, ka buɗe shafi ya ƙi buɗuwa.

Na biyu, ba ya saurare da magana a lokaci guda. Sai ya ji, sannan ya faɗa. Shiftar da za ta ɗauki minti 10 sai ta ɗauki 20. Ikistenda mai zango ɗaya haka take: duk abin da ya bi ta cikinta, gudunsa yana raguwa da kusan rabi. Mai zango biyu ta fi, domin tana iya sauraren rawuta ta ɗaya zangon, ta yi magana da wayoyi ta ɗayan.

Na uku, yaron bai ƙara mini ilimi ba. Abin da na faɗa shi kaɗai zai maimaita. Ikistenda ba ta ƙara data, ba ta ƙara gudun da kamfani yake ba ka, ba ta kuma jawo sabis daga turken kamfanin waya. Idan famfon unguwa ba ya kawo ruwa, ƙara tsawon tiyo ba zai cika bokiti ba. Mun ga haka ƙarara ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace, intanet ta yi rauni a Ghana da maƙwabtanta kwana da kwanaki. A ranakun nan sandunan Wi-Fi a cike suke a kowane gida, amma ba abin da ke tafiya.

Gwaji uku kafin ka taɓa aljihu

Gwajin farko: tsaya dab da rawuta, ka buɗe manhajar auna gudu irin su Speedtest ko shafin fast.com. Yi haka da safe, ka sake yi bayan ƙarfe 8 na dare lokacin da unguwa duka ta hau intanet. Rubuta lambobin. Idan a jikin rawutar ma abin da kake samu bai wuce megabit 2 ko 3 ba, matsalarka ba ta nisa ba ce. Ko dai sabis ɗin kamfanin bai da ƙarfi a layinku, ko kuma mutane sun yi wa rawutar yawa. A nan abin yi shi ne a gwada sim na wani kamfani idan rawutar ba a kulle take ba, MTN ko Telecel ko AT, a ga wanda ya fi kama unguwar, ko a matsar da rawutar kusa da tagar da ke fuskantar turke. Ikistenda ba ta da abin cewa a nan.

Gwaji na biyu: matsar da rawutar kanta. Sau da yawa nakan tarar da ita a ƙasa bayan talabijin, ko cikin kabad an rufe don kada yara su taɓa, ko kusa da firji. Ɗaga ta sama da kan mutum, ka kai ta tagar da ke kallon tsakar gida, eriyoyinta a tsaye. A wani gida a Asawase, wannan kaɗai muka yi da igiyar ƙarin wuta da ƙusa biyu, ɗakuna uku da ba sa samu suka samu. Kuɗin da suka tara na ikistenda suka sayi data da shi.

Gwaji na uku: zagaya gidan da waya a hannu kana auna ƙarfin sigina. Sandunan da ke saman waya ba abin dogaro ba ne. Akwai manhajoji na kyauta a wayoyin Android masu nuna ƙarfin da lamba, kuma lambar tana da alamar ragewa a gabanta. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Daga -30 zuwa -60 lafiya lau. Wajen -67 ana iya kiran bidiyo da darasi ba tsinkewa. Daga -80 zuwa sama, sai haƙuri. Zana taswirar gidan a takarda, ka rubuta lambar kowane ɗaki. Na taɓa ba 'yan ajina wannan a matsayin aikin gida lokacin da muke darasin lambobi masu alamar ragewa, kuma ban taɓa ganin sun gane cewa -50 ta fi -80 girma da sauri kamar ranar ba.

Idan gwajin ya nuna cewa a jikin rawuta akwai gudu mai kyau, ɗaki biyu ko uku ne kawai suka faɗa rami, to ikistenda ta dace da gidanka.

Inda za a soka ta

Nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Mai ɗakin da ba ya samu shi ne ya fi matsuwa, sau da yawa shi ne ya biya, don haka sai ya ce a ɗakinsa za a sa. Ka tuna yaron shifta. Wurinta tsakanin rawuta da ɗakin da ke fama, a inda siginar rawutar take da sauran ƙarfi, wajen -60 zuwa -65. A gidajenmu wannan wuri yakan zama baranda ko lungun da ke kallon tsakar gida. A sa ta sama, inda ruwan sama ba ya bugu, ba kusa da murhu ko tankin ruwa ba, ba bayan ƙofar ƙarfe ba. Yawancinsu suna da ɗan fitila mai nuna ko sun yi nisa da rawuta, launi ɗaya idan wurin ya yi, wani launi idan bai yi ba. Karanta 'yar takardar da ke cikin kwali ka san wanne ne wanne.

A gidan da nake haya, ɗakuna 12 ne, da bene mai ɗaki biyu a baya. Wata Hajiya da ke ɗakin kusa da ƙarshe tana da 'ya mai shirin WASSCE, kuma yarinyar takan zauna a bakin rijiya da dare tana kallon darussan kimiyya, sauro na cizonta. Hajiya ta ce ko a gyara, ko ta fita daga karo-karon. Idan ta fita kason kowa zai ƙaru, wasu biyu ma sun ce za su bi ta. Da muka auna, wurin da ya dace shi ne barandar maigida, dattijo ne da ba ya amfani da intanet sam.

Na same shi bayan la'asar na ce, "Baba, alfarma muke nema. Wannan ɗan abin muke so mu soka a barandarku."

Ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, wannan ba zai shanye mini mita ba?"

Na nuna masa rubutun da ke bayanta. Irin waɗannan na'urori wat kaɗan suke ci, ba su kai ƙwan fitila mai haske sosai ba. Na yi masa lissafi a gabansa: a ce wat 5 take ci, awa 24, kwana 30, ya kama wat-awa 3,600, wato yunit 3.6 a wata. Muka amince za a riƙa cire kuɗin yunit 4 daga karo-karo a ba shi. Ya ce, "To, in dai yarinyar nan za ta bar bakin rijiya, ku sa." Ɗakunan ƙasa duka suka samu, Hajiya ta zauna a karo-karo. Bene kuwa bai samu ba, domin dakalin kankare da rodi ne tsakani. Shi wata hanya muka bi, zan zo kanta.

Yadda ake haɗawa

Hanya mafi sauƙi ita ce maɓallin da aka rubuta WPS. Ka soka ikistenda kusa da rawuta tukuna, ka danna WPS a rawuta, ka danna na ikistenda kafin minti 2 su wuce. Idan fitilar ta tsaya cak, sun gane juna. Sai ka zare ta ka kai ta wurin da ka zaɓa, ba za ta manta ba. Idan rawutarka ba ta da maɓallin, ka haɗa wayarka da Wi-Fi na ikistendar, ka buɗe adireshin da aka rubuta a jikinta, ka zaɓi sunan Wi-Fi na gidanku, ka sa kalmar sirri. Idan tsohuwa ce aka ba ka, fara da danna ɗan ramin da ke mayar da ita sabuwa da tsinke, domin tana iya riƙe da saitin gidan da ta fito.

Da yawa suna ƙirƙiro sabon suna mai EXT a ƙarshe. Wasu suna so a mayar da sunan ɗaya da na rawuta don waya ta riƙa sauyawa da kanta. A gidan haya ni na fi son a bar sunaye biyu. Dalili, waya tana da naci: takan maƙale wa wadda ta fara kamawa ko da ta yi rauni. Idan sunaye biyu ne, na kusa da rawuta su zauna a kan rawuta, na nesa su hau ikistenda, kowa ya san layinsa. Duk wanda ke samun rawuta kai tsaye bai kamata ya hau ikistenda ba, yana rage wa na baya ne kawai.

Sai maganar tasha. A zangon 2.4, tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna: 1 da 6 da 11. A unguwa mai cunkoso irin Aboabo, za ka buɗe waya ka ga sunayen Wi-Fi sun fi goma. Manhajar da ka auna sigina da ita za ta nuna maka tashar da maƙwabta suka fi taruwa. Shiga saitin rawuta ka koma wadda ta fi sarari a cikin ukun nan.

A kasuwa

Ko a Adum kake saye ko a Circle na Accra, ka tafi da abubuwa huɗu a ka. Nemi mai zango biyu, za ka ga an rubuta AC750 ko AC1200 ko makamancin haka. Wadda aka rubuta N300 zango ɗaya ce, ta fi araha, amma araha ba ta ado idan mutum shida za su hau. Kada manyan lambobin su ruɗe ka: 1200 ɗin jimillar zanguna biyu ce a ɗakin gwaji, ba abin da zai iso wayarka ba ne. Na biyu, nemi mai ramin kebul a ƙasa, zai yi maka amfani nan gaba. Na uku, duba ƙafafunta. Soket ɗinmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wutarmu kuma bolt 230 ce. Idan ɗan'uwa ne ya aiko daga Amurka, karanta bayanta ka tabbata an rubuta 100 zuwa 240 kafin ka soka. Na huɗu, ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka dawo da ita idan ba ta yi ba, ka karɓi rasit.

A kula kuma, akwai wata na'ura daban da ake kira busta, mai ƙara ƙarfin sabis ɗin kamfanin waya, mai eriya a kan rufi. Wannan ba ikistenda ba ce. Tana aiki ne a kan zangunan da hukumar sadarwa ta NCA ta ba kamfanoni lasisi, kuma mara kyau tana iya dagula sabis na maƙwabta. Kada mai shago ya haɗa maka su a magana ɗaya.

Idan ikistenda ba ta isa ba

Ga bene, ko gida mai tsawo sosai, ko gidan da mutum fiye da goma ke hawa lokaci guda, kebul ya fi komai. Kebul na intanet irin Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Ka jawo shi daga rawuta, ka bi da shi ƙarƙashin rufi cikin bututun roba saboda rana da ɓera, ka kai shi inda ake buƙata. A can sai ka soka shi a ikistenda mai ramin kebul ka sauya ta zuwa yanayin da aka rubuta AP, ko ka yi amfani da tsohuwar rawuta da wani ya ajiye. Idan tsohuwar rawuta ce, a kashe mata DHCP, a ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, a soka kebul a ramin LAN. Yanzu yaron shifta ba sauraro yake yi ba, takardar aka miƙa masa a hannu, don haka babu rabin da ke ɓacewa. Haka muka yi wa benen gidanmu, kuma abin da ake samu a can bai bambanta da na jikin rawuta ba.

Jera ikistenda biyu, ɗaya tana ɗauka daga ɗaya, ba na ba da shawararsa. Rabin rabi kwata ne. Akwai na'urorin da ake kira mesh, masu zuwa biyu ko uku a kwali suna aiki da suna ɗaya. Suna da kyau, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin karo-karo, kuma su ma bangon kankare yana wahalar da su idan ba a haɗa su da kebul ba. Akwai kuma masu bi da intanet ta cikin wayar wutar gida. A gidan da kowane ɗaki ko kowane sashe yake da mitarsa ta ECG, kada a dogara da su, domin suna son soket biyun su kasance a layin wuta ɗaya.

Sai dumso. Rawuta tana aiki da bolt 9 ko 12, ana kuma samun ƙananan batura da ke riƙe ta awanni idan an ɗauke wuta. Ikistendar da ake sokawa kai tsaye a bango ba ta da wannan gata, wuta na tafiya ta mutu. Wannan ma wani dalili ne da ke sa tsohuwar rawuta da kebul suka fi ta a gidan da ake da mai karatun dare. Kuma idan hadari ya taso da tsawa, a zare su duka, musamman inda kebul ya bi waje.

Kalmar sirri da zaman lafiya

Ranar da sigina ta kai ɗakin ƙarshe, ranar ta kai bayan katanga. Samarin da ke zama a benci a lungu za su gan ta. Don haka a sa tsaro na WPA2, ko WPA3 idan na'urar tana da shi. Kalmar sirri ta wuce haruffa 8 da ake buƙata, a kai ta 12 ko fiye, kada ta zama lambar wayar maigida ko sunan gidan. A sauya kalmar shiga saitin rawuta da ta ikistenda, domin wadda suka zo da ita daga kamfani kowane yaro mai wayo ya san ta. Bayan an gama haɗawa a kashe WPS, tun 2011 aka gano cewa lambar sirrinsa tana da sauƙin fasawa. A sani kuma cewa wayoyin yanzu suna nuna kalmar sirri ta hoton QR, yaro ɗaya ya isa ya raba wa layi duka. Maganinsa shi ne duba jerin na'urorin da ke kan rawuta lokaci-lokaci, da sauya kalmar duk ƙarshen wata bayan kowa ya biya.

Abu na gaba da mutane ba sa shiryawa: idan sigina ta gyaru, data za ta riƙa ƙarewa da wuri. Ba ikistenda ce ke sha ba. Mutanen da da ba sa iya kallon bidiyo yanzu suna kallo, kuma YouTube da TikTok suna ɗaga kyawun hoto da kansu idan sun ga hanya ta buɗe. Awa ɗaya ta bidiyo mai kyawun hoto tana iya cin gigabait 1 ko fiye. A zauna tun farko a yi magana: a rage kyawun hoto zuwa 480, a bar sauke manyan fina-finai sai lokacin da aka amince, a san wa ke riƙe da kuɗi, a rubuta a littafi. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, amma abin da aka rubuta ba ya jawo rantsuwa.

A matsayina na malami akwai wanda ya fi damuna. Da, rashin sigina a ɗaki shi ke tilasta wa yaro fitowa tsakar gida inda idon manya yake. Yanzu intanet ta bi shi har kan katifa. Ina gane yaran da suka kwana a kan waya tun a darasin farko, idanu ja, kai a kan tebur. Yawancin rawutoci da ikistendoji suna da saitin da ke kashe Wi-Fi a lokacin da aka zaɓa, ko ya tsayar da wata waya ita kaɗai. Idan saitin ya yi wuya, ikistenda tana da wani amfani da ba a rubuta a kwali ba: ana zare ta. A gidaje biyu da na sani, iyaye sun amince ƙarfe 11 na dare dattijon gida ya zare ta, a mayar da asuba. Masu jarrabawa su sauke darussansu tun da yamma.

Ga mai shirin saye a wannan wata, tsarin ke nan a taƙaice. Auna gudu a jikin rawuta safe da dare. Ɗaga rawutar ka fuskantar da ita tsakar gida. Zana taswira ka rubuta lambobi. Idan ɗaki biyu ko uku ne suka rage a hawa ɗaya, sayi ikistenda mai zango biyu ka sa ta a tsakiya. Idan bene ne ko gida mai tsawo, kuɗin ya tafi ga kebul. Idan kuwa a jikin rawutar ma babu gudu, riƙe kuɗinka ka nemi kamfanin da ya fi kama unguwarku. Kuma kafin a soka komai a bango, a fara zama da mutanen gida a gama maganar kason kowa, da kuɗin wutar mai baranda, da lokacin barcin yara.